Yadda Ake Ƙulla Hulɗar Kasuwanci da Kamfanin Turai Ba Tare da an Tsaya ga Sayar da Ɗanyen Kaya Ba

Duk ɗan kasuwar da ya fito daga ƙasa mai arzikin ma'adinai ko amfanin gona, yana son hulɗa da Turai, ya kamata ya fara da sanin abin da mai sayen yake bukata, domin wanda ya san ƙishirwar abokin cinikinsa ba ya karyar da kayansa. A shekarar 2024 Tarayyar Turai ta kafa doka kan muhimman ma'adinai guda 34, irin su litiyam da kobalt da tagulla, inda ta ƙuduri cewa nan da 2030 kada abin da take samu daga ƙasa ɗaya tak ya wuce kashi 65 cikin ɗari na kowane ma'adini mai matuƙar muhimmanci. Wannan bukatar ce ta sa tun kafin dokar ta ƙulla yarjejeniya da ƙasashe irin su Kanada da Kazakistan da Namibiya da Zambiya. Ma'ana, Turawa ma neman abokan hulɗa suke yi ido rufe.

Matakin farko shi ne ka nemo lambar kwastan ta kayanka, wato lambar HS, ka shigar da ita a shafin Access2Markets na Hukumar Tarayyar Turai, wanda zai nuna maka harajin shigar da kaya da takardun da ake nema. A nan za ka ga wani abu da ya kamata ka riƙe: ɗanyen gahawa yana shiga ba haraji, amma gasasshe ana ɗora masa kashi 7.5 cikin ɗari, sai fa idan ƙasarka tana da rangwame. Ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba suna shigar da komai ba haraji in ban da makamai, saboda haka ka bincika matsayin ƙasarka tun kafin ka yanke farashi.

Batun takardu ne ya fi kayar da mutane, kuma a ganina nan ya kamata a fi kashe lokaci da kuɗi. Dokar Tarayyar Turai kan sare daji ta tanadi cewa mai sayar da koko ko gahawa ko roba ko manja ko katako ya nuna cewa ba a sare daji aka noma kayan ba bayan 31 ga Disamba 2020, kuma hujjar da ake so ita ce wurin da gonar take a taswira. A aikace, sai ma'aikacinka ya je kowace gona da wayar salula, ya ɗauki lambobin wurin, ya rubuta sunan mai gonar, sannan a sa wa kowane buhu alamar da za ta mayar da shi inda ya fito. Masu kuza da zinariya da tantalam da tungisten kuwa, tun Janairun 2021 ake tambayar masu shigar da su ko kuɗin bai tafi wajen masu ɗauke da makamai ba. Haka nan ƙarfe da alminiyam da siminti da takin zamani, tun Oktoban 2023 ake neman bayanin yawan hayaƙin da aka fitar wajen sarrafa su.

Wajen neman abokin hulɗa, ka bi ta cibiyoyin 'yan kasuwa, kamar ofisoshin AHK na Jamus da ke ƙasashe da dama, ko bajekoli irin na birnin Hanoba a Jamus. Kada ka aika kaya sai ka duba rajistar kamfanin a ƙasarsa, kuma wani kamfanin binciken kaya mai zaman kansa kamar SGS ya auna samfurin ya ba da shaida.

A rubutacciyar yarjejeniya, ka tabbata an fayyace wanda ke ɗaukar asara a hanya ta ƙa'idojin cinikin ƙasa da ƙasa da ake kira Incoterms 2020. A tsarinsu na FOB nauyinka yana sauka da zarar kaya sun hau jirgi, a CIF kuma kai za ka biya kuɗin jirgi da inshora. Ka nemi takardar lamunin banki a cinikin farko, ka ambaci kuɗin ƙasar da za a biya ka da su, kuma ka zaɓi sasanci a ƙasar da ta amince da Yarjejeniyar New York ta 1958, domin hukuncin ya yi aiki a wata ƙasar.

Abin da ya fi duka shi ne kada ciniki ya ƙare a tono da lodi. Botsuwana ta riƙe rabin kamfanin haƙar lu'ulu'u na Debswana tare da kamfanin De Beers, kuma a 2013 aka mayar da cinikin lu'ulu'u daga Landan zuwa Gaboron. Indonesiya ta bi hanya mai tsauri, ta hana fitar da ɗanyen nikel a 2020, abin da ya sa Tarayyar Turai ta kai ƙarar ta a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Ƙaramin kamfani ba shi da ƙarfin gwamnati, amma yana iya sa sharaɗi a rubuce: a wanke ma'adinin ko a tace shi a gida, a horar da ma'aikata adadi kaza, a kawo injina cikin wa'adi sananne, kuma a rubuta abin da zai biyo baya idan wa'adin ya cika ba a kawo ba.