Yadda Ake Gano Matsalar Famfon Mai a Motar da Kake Haɗawa

Idan motar da ka daɗe kana haɗawa ta ƙi tashi, ko ta tashi tana shaƙewa da zarar ka taka totur, kada ka yi saurin ɗora wa famfon mai laifi. A motar da aka sauya wa inji ko aka taɓa wayoyinta, sau da yawa famfon lafiyarsa ƙalau, wuta ce ba ta isa gare shi yadda ya kamata.

Yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da sigari da walda. Fetur ba ya yafiya.

Fara da kunne. Murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, amma kada ka tayar. Ya kamata ka ji famfon ya yi ƙugi a tanki na daƙiƙa biyu ko uku, sannan ya tsaya. In shiru ka ji, duba fiyus, sai rile, wato ɗan akwatin da ke kunna wa famfo wuta. Cire rilen ka haɗa ramin soket ɗinsa mai lamba 30 da mai lamba 87 da guntuwar waya mai fiyus. In famfon ya kama, to matsalar tana rilen ko layin da ke ba shi umarni daga kwamfutar mota, wato ƙafafun 85 da 86. Motocin Ford da yawa suna da wani maɓalli da ke yanke wutar famfo idan mota ta bugu. Danna shi kawai ake yi ya dawo.

Daga nan sai awon wuta, inda mutane suka fi yin kuskure. Suna zare soket, su ga 12V a mita, su ce waya lafiya. Ko silin waya ɗaya ya rage zai nuna 12V matuƙar babu abin da ke jan wuta. Auna a bakin famfon yana cikin aiki. Idan batir na nuna 12.6V amma famfon na samun 10.5V, wuta na zurarewa a hanya. Asarar da ta wuce 0.5V abin bincike ce. Auna kuma wayar da ke komawa jikin bodi. A motar da aka yi wa sabon fenti, nan na fi zargi: kankare fentin da tsatsar har ƙarfe ya fito fes, sannan ka ɗaure tam.

In ka sa babban famfo, irin mai tura lita 255 a awa, siririyar wayar da motar ta zo da ita ba lallai ta ɗauke shi ba. Ja sabuwar waya mai kauri daga batir, da fiyus a kusa da batir ɗin, da rilenta daban, ka bar tsohuwar ta riƙa kunna rilen kawai. Ka kuma tabbata ba ka juya wayoyin biyu ba, don famfon zai yi ƙara amma ba zai turo mai ba.

Sai wuta ta tabbata za ka ɗaura gejin awon ƙarfin turin mai. Yawancin injin masu nozul suna son kusan bar 3, wato psi 43 (bar da psi ma'aunan ƙarfin turi ne). Kafireta kuwa psi 4 zuwa 7 ya ishe ta, fiye da haka ambaliya za ta yi. In ƙarfin ya yi ƙasa, matse tiyon da ke mayar da mai tanki na ɗan lokaci kaɗan: in allurar geji ta yi sama, regileta mai daidaita ƙarfin mai ce ta saki; in ba ta motsa ba, duba filta da rariyar ƙasan famfo, sannan famfon kansa. In ƙarfin ya yi yawa, tiyon komawar ne ya toshe ko ya lanƙwashe. Inji na aiki, zare siririn tiyon iska na regileta, ya kamata allura ta ɗaga da kamar rabin bar. In ka ga fetur a cikinsa, robar ciki ta fashe.

Kashe inji ka zuba wa gejin ido. Idan allura ta faɗi nan take, ko bawul ɗin famfo ba ya riƙewa, ko nozul na ɗiga, ko guntun tiyon cikin tanki ya tsage. Wannan tiyon dole ya zama mai lambar SAE J30R10, wanda aka yi don zama cikin fetur. Na waje kumbura yake yi ya ruɓe.