Matakan Kare Jariri Daga Ɗaukar Ciwon Hanta Nau'in B Daga Uwa

Masu juna biyu suna yawan tambayar wannan. Ga yadda ake yi:

1. Ki yi gwajin HBsAg, wato gwajin jini da ke nuna ko kina ɗauke da cutar, tun farkon zuwa awo.
2. Idan an ga cutar, a auna yawan ƙwayarta a jini. In ta kai 200,000 IU/mL, likita zai ɗora ki kan maganin tenofovir daga mako na 28 na ciki.
3. Ki sanar da unguwarzoma sakamakonki kafin naƙuda, a tanadi allurar rigakafin cutar don jariri.
4. A yi wa jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, 0.5 ml a tsokar cinya.

Hattara: nan ake yawan sakaci. Kada a ce sai ya yi ƙwari, ko a gida aka haihu a kai shi ranar. Jariri 9 cikin 10 da suka kamu a wannan lokaci cutar zama take yi a jikinsu, ta cinye hanta a hankali.

5. In akwai HBIG, wato allurar garkuwa mai ba da kariya nan take, a ba shi tare, a ɗaya cinyar.
6. A duba kwalbar allurar rigakafin. Ana ajiye ta tsakanin digiri 2 zuwa 8, wadda ta daskare ta lalace. Penta, wato allurar rigakafin cututtuka biyar har da wannan, ba ta ranar haihuwa ba ce.
7. A koma ɗaukar penta a mako na 6, 10 da 14.
8. Ki shayar da shi nono, babu laifi.
9. A gwada jininsa tsakanin wata 9 zuwa 12, don a tabbatar bai kamu ba kuma rigakafin ya kama.