Yadda Ake Duba Motar Shiga Daji Ta Hannu Kafin A Biya Kuɗi

Motar da aka ƙera don daji, irin su Land Cruiser, Hilux, Patrol, Pajero, Defender ko Wrangler, ba ta tsufa yadda ƙaramar motar gari take tsufa. Ƙaramar mota a kujeru da fenti da mita take nuna shekarunta. Ita kuwa ta daji a ƙarƙashinta take ɓoye wahalar da ta sha. Sai ka tarar da mai kilomita 80,000 da ruwa da laka suka gama cinye ta, ka kuma tarar da mai 300,000 wadda ba ta taɓa sauka daga kwalta ba, lafiyarta ƙalau. Shi ya sa duk lokacin da aka ce in raka wani duba irin wannan mota, kafin in taɓa ƙofa sai na kwanta a ƙasa.

Tun a waya ka roƙi mai motar kada ya tayar da ita kafin ka iso. Ka je da rana, ba da magariba ba, kuma ba cikin ruwan sama ba, domin jiƙaƙƙen fenti duk ɗaya yake a ido. Ka ɗauki tocila mai haske, sukundireba, ƙaramar guduma, maganaɗisu, farin tsumma, da kwalin da za ka shimfiɗa. Idan mai motar ya ce ba za a shiga ƙarƙashinta ba, kama hanyarka. Ba a cinikin biri a sama.

Mataki na farko: shasi

Inji ana saukewa a sa wani, giyabos ma haka. Shasi kuwa, wato ƙashin ƙarfen da bodi da inji suke zaune a kansa, shi ne motar, idan ya tafi komai ya tafi. Ka fara daga bambar gaba, ka bi dogayen ƙarafan shasin guda biyu har zuwa baya, tocila a hannu ɗaya, guduma a ɗaya. Ƙarfe mai lafiya idan ka ƙwanƙwasa shi ƙara yake yi ƙal-ƙal. Wanda tsatsa ta ci ta ciki amsawa yake yi a mace, wani lokaci ma ɓawo ya zubo maka a fuska. Jar tsatsar da ke bisa fata kawai ba abin tsoro ba ce. Wadda ake gudu ita ce mai kumbura tana ɓarewa falle-falle. Ka danna mata sukundireba da ƙarfi; idan ya shige, magana ta ƙare.

Ka fi daɗewa a wuraren da laka take maƙalewa: inda sifirin da shokozoba suke kama shasi, bayan tayoyin baya, saman tankin mai, da ƙarfen da ya gitta a can ƙarshe inda ake ɗaura abin ja. Tsohuwar Defender, wadda aka daina ƙerawa a 2016, bodinta yawanci alminiyom ne, saboda haka sai ka gan ta tsaf daga waje alhali wannan ƙarfen na baya ya ruɓe. Kuma kada sunan kamfani ya sa ka saki jiki. A 2016 Toyota ta amince a Amurka da sasantawar da aka ƙiyasta ta kai dala biliyan 3.4 saboda tsatsar shasin Tacoma, Tundra da Sequoia. Motar da ta yi zama inda ake watsa gishiri a hanya lokacin ƙanƙara, ko wadda aka saba shiga da ita bakin teku, sai an ninka mata dubawa.

Zura yatsa cikin ramukan shasi. Busasshiyar laka ko yashi a ciki na gaya maka motar ta nutse, kuma ba a wanke ta yadda ya kamata ba. Laka tana riƙe danshi wata da watanni. Sannan ka yi hattara da sabon baƙin fenti mai sheƙi a ƙarƙashin tsohuwar mota. Wani da gaske don kariya ya shafa, wani kuwa lulluɓi ya yi. Guduma ce za ta raba gardama.

Ƙarje da ɗan lotsewa a farantan kariyar ƙarƙashi ba su dame ni ba, aikinsu ke nan. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne walda a jikin shasi wadda ba ta kamfani ba, ko ƙarfe da ya yi tattara kusa da inda akwatin sitiyari yake ɗaure, ko kusa da ƙugiyoyin da ake jan mota. Wannan shaida ce ta karo, ko ta fizga mai tsanani lokacin da ta kafe.

Mataki na biyu: aksul, farfela da ƙafafu

Kana nan a kwance, ka dubi tulun aksul na gaba da na baya, wato kumburin da ke tsakanin tayoyi biyu inda haƙoran da ke juya su suke, da ƙaramin giyabos ɗin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Ɗan gumin mai a tsohuwar mota ana yafe shi, ɗiga ne ba a yafewa. Idan mai motar ya yarda, a kwance notin zuba mai, ka tsoma yatsa ka shafa a farin tsumma. Man da ya koma fari-fari ko ruwan toka, ruwa ya shige shi. Yadda abin yake faruwa: aksul ya ɗauki zafi, a tsunduma shi cikin rafi mai sanyi, iskar ciki ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa ta ƙofar numfashi ko ta gefen sil. Na taɓa duba wata mota da aka rantse mini ba ta san daji ba. Da muka kwance notin aksul na baya, ruwa ne ya fara tsiyayowa kafin mai, kuma maganaɗisun notin ya yi gashi da ɓarɓashin ƙarfe.

Kama farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, ka murɗa, ka girgiza. Idan ta yi ƙwas-ƙwas a gaɓoɓinta, sun ci. A motoci masu shaf a gaba, wato gajeriyar sanda mai gaɓoɓi da ke juya kowace tayar gaba, kamar Prado da Hilux na zamani, duba robobin shaf. Yagaggiyar roba da giris ya fantsama kewaye da ita na nufin yashi ya riga ya shiga. A masu aksul ɗaya miƙaƙƙe a gaba, kamar Land Cruiser 80 da aka ƙera daga 1990 zuwa 1997 ko Patrol Y61, dubi ƙwallon ƙarfen da ke bayan kowace taya. Idan baƙin kwaɓin mai da giris na dalala a kansa, sil ɗin ciki ya mutu.

A ɗaga gaba da jak. Kama taya sama da ƙasa ka jijjiga: motsi a nan boris ne ko boljoyin. Kama ta hagu da dama: motsi a nan na sandunan sitiyari ne. Ka kuma karanta shekarun taya a gefenta, lambobi huɗu ne a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Misali 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayoyin su kasance girma ɗaya, cinsu ya yi kusa da juna, musamman a motar da kullum take ja da ƙafa huɗu.

Mataki na uku: kayan da aka ƙara mata

A nan mutane suka fi faɗawa. Mota ta sha ɗagi, wato an ƙara mata tsayi daga ƙasa, ga manyan tayoyi, ga bambar ƙarfe, ga winci na jawo ta idan ta kafe, ga fitilu jere a rufi, sai zuciya ta riga ido. Mai sayarwa kuma ya lissafa maka abin da ya kashe, yana so ka mayar masa. Ra'ayina a fili yake: idan aka ajiye mini guda biyu masu shekaru ɗaya, wadda take yadda kamfani ya fito da ita zan ɗauka, sai fa idan mai gyararriyar ya nuna mini takardun kayan da sunan wanda ya yi aikin. Ba don ƙari laifi ba ne. Don dai kowane ƙari yana jawo wani gyara a bayansa, kuma a wannan na biyun ake tsuke hannu.

Ɗauki ɗagi. Har zuwa inci biyu yawancin motoci suna jurewa. Ya wuce nan, a mota mai shaf, shaf ɗin zai riƙa aiki a karkace yana cin kansa. A mai miƙaƙƙen aksul kuwa aksul yana zamewa gefe ɗaya, sitiyari ya daina dawowa tsakiya da kansa, motar ta riƙa yawo a hanya. Tsaya a gabanta daga nesa ka gani ko taya ɗaya ta fi ɗaya leƙowa waje. Duba tiyon birki: idan an ɗaga mota ba a sa mai tsawo ba, ranar da ƙafa ta sauka cikin rami zai miƙe kamar tsirkiya, kuma yana iya tsinkewa. Ka kuma tambaya wane irin ɗagi ne, domin wani bodi kawai yake ɗagawa da 'yan toshe tsakaninsa da shasi, ƙarƙashin motar yana nan inda yake.

Manyan tayoyi suna da nasu lissafin. Wanda ya cire taya mai inci 31 ya sa mai 35, kowane juyi ya ƙara tsawo da kusan kashi 13 cikin ɗari. Idan ba a saita mita ba, duk kilomita 100,000 da ta rubuta tun daga ranar, a gaskiya kusan 113,000 ne. Ban da haka mota takan yi nauyin tashi, giya ta yi ta zafi, birki da boris su gaji da wuri, sai idan an canza haƙoran aksul sun dace da sabuwar tayar. Tambayi ko an canza. Leƙa cikin kaskon taya ka nemi inda roba ta goge fenti.

Nauyi ma abin dubawa ne. Bambar ƙarfe, winci, batir na biyu, ƙarin tanki da akwatunan baya duk daga cikin abin da aka yarda motar ta ɗauka suke ci, tun kafin mutum ɗaya ya shiga. Adadin yana rubuce a farantin kamfani, galibi a jikin ƙofa ko ƙarƙashin bonet.

Sai wayoyi, waɗanda su ne madubin halin mai mota. Buɗe bonet ka dubi kan batir. Wayoyi a ɗaure cikin tiyo, kowace da fis ɗinta, aikin mai hankali ne. Wayoyi a murɗe da hannu an naɗe da salatif, ko waya ta ratsa ƙarfe babu roba a bakin ramin, wannan gobara ce ke jiran rana. Wanda ya yi ha'inci a inda ido ke gani, me kake zato ya yi a inda ba a gani?

Mataki na huɗu: inji a sanyi

Taɓa injin ka tabbatar da sanyi yake. Kafin a murɗa makulli, buɗe gidan filtar iska ka shafa yatsa a cikin bututun da ke bayan filta, ɓangaren da ke zuwa inji. Nan ya kamata ya zama tas. Ƙura a wurin na nufin injin ya daɗe yana shaƙar ƙasa. Duba baƙin mai, duba ruwan lagireto kada a ga mai yana yawo a kai, ka haska tsakanin haƙarƙarin lagireto ko laka ta toshe su.

Ka tsaya a baya a tayar. Shuɗin hayaƙi cin baƙin mai ne. Fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. A injin dizal, yana sulo, kwance murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin: idan ɗan rawa yake yi, da sauƙi, idan iska na tunkuɗe shi da hayaƙi, zobban fistin sun gaji. In injin mai bel ɗin taimin ne, a nuna maka shaidar ranar da aka canza shi.

Mataki na biyar: cikin mota

Ɗaga kafet, shinshina, haska ƙarƙashin kujeru da bayan dashbod. Tsatsa a layin kujera ko busasshen yashi a lungu na nufin ruwa ya shigo har ciki. Ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, wani lokaci layin laka yana nan a kai. Bi bodi da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa a bodin ƙarfe, an cike da fila.

Mataki na shida: tuƙi

Kashe rediyo, sauke gilashi. A kan kwalta ka kai ta gudun babbar hanya, ka saurari kukan aksul lokacin da ka taka totur da lokacin da ka saki. Idan ka bi ta kan ɗan gargada sai sitiyari ya kama girgiza mai tsanani wadda ba ta lafawa sai ka rage gudu sosai, wannan ciwo ne da aka san masu miƙaƙƙen aksul da shi, musamman waɗanda aka ɗaga. Sabuwar shokozobar sitiyari takan rufe shi na ɗan lokaci, don haka ganin ta sabuwa fil a tsohuwar mota dalilin tambaya ne.

Gwajin ƙafa huɗu kuwa a kan ƙasa ko tsakuwa ake yin sa. Motar da ake sa wa ƙafa huɗu da hannu, idan aka tuƙa ta a 4H, wato ƙafa huɗu mai gudu, kan busasshiyar kwalta, farfelolin gaba da baya suna ɗaurewa, har su yi ɓarna. Sa 4H ka yi tafiya. Tsaya, sa giya a firi, ka shiga 4L, wato ƙafa huɗu mai ƙarfi. Za ka ji motar ta koma rarrafe da ƙarfi, domin wannan giyar tana rage gudu kusan sau biyu da rabi a yawancin motoci, a Wrangler Rubicon ma har sau huɗu. Taka totur ka saki sau da yawa ka ga ko za ta fice da kanta. Idan akwai makullin aksul, wanda ke sa tayoyin hagu da dama su juya tare, kunna shi: fitilarsa ta daina ƙiftawa ta tsaya cak, ka kuma ji mota tana turjewa a kwana. Wanda aka shekara ba a taɓa shi ba yakan daskare. Sannan karya sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali. Ƙas-ƙas-ƙas daga gaba shaf ne.

Da kun dawo, bar ta tana sulo minti goma kana kallon allurar zafi, sannan ka sake kwanciya ƙarƙashinta. Yoyon da aka goge da safe yanzu zai fito.

Mataki na bakwai: lamba da kwamfuta

Lambar VIN, wato lambar shaidar mota da kamfani ya buga mata, haruffa da lambobi 17 ce, babu I, O ko Q a cikinta. Wadda ke takarda ta zo daidai da ta jikin bodi da wadda aka buga a shasi, domin a irin waɗannan motoci ana iya ɗora bodin wata a kan shasin wata. Dubi kewayen lambar ko an goge ko an yi walda. Idan motar tana da bakin OBD, wato inda ake jona na'urar binciken laifi, a sa mata kwamfuta, kuma kada a tsaya kan cewa babu laifin da ya fito. A duba ko gwaje-gwajen da motar take yi wa kanta sun kammala; idan yawancinsu ba su kammala ba, kwanan nan aka goge ƙwaƙwalwarta ko aka cire batir, sai ka tambayi dalili.

Duk abin da ka gano ka rubuta shi a wurin, ka ɗauki hotonsa, ka kai wa makanikin da ya saba da irin wannan mota ya faɗa maka abin da gyaran kowanne zai ci. Da wannan takardar za ka koma ka zauna da mai motar.