Babi Na Huɗu: Tayar Da Tsohon Keken Tsere

Darasi na 1: Duba keken kafin ku taɓa shi

Jama'a, keken da muke magana a kai shi ne mai siraran tayoyi da kai mai lanƙwasa zuwa ƙasa, wanda aka ƙera da ƙarfe shekaru da dama da suka wuce. Kamfanoni irin su Raleigh na Ingila, da Peugeot na Faransa, da Bianchi na Italiya sun yi irinsa da yawa. Ana gyara shi don sha'awa, saboda haka babu gaggawa.

Ku jingina keken da bango. Ku samu tsumma ku goge ƙurar. Yanzu ku bi gangar jikinsa da ido da kuma yatsa, musamman wuraren da bututun ƙarfe ya haɗu da ɗan'uwansa. Tsatsar da ke sama-sama ba komai ba ce, tana fita. Amma idan kun ga tsagewa, ko fenti ya tattare a bayan wuyan keken, to ya taɓa yin karo. Ku haƙura da wannan, ku nemi wani.

A ƙasan sirdi wani lokaci akwai ƴar takarda manne. Ku karanta ta a hankali, harafi bayan harafi. Idan kun ga Reynolds 531, ku yi murna. Ƙarfe ne mai kyau marar nauyi, wanda aka fara yi a Ingila a 1935. Kada ku kankare takardar.

Kafin ku kwance komai, ku ɗauki hoton keken da waya ta kowane gefe. Ku tanadi gwangwanaye, kowane sashe da nasa.

Darasi na 2: Feda

A nan ne mafi yawan ɗalibai suke tuntuɓe, don haka za mu daɗe a nan. Kada wanda ya ji kunya.

Da farko, ina ne dama, ina ne hagu? Ku ɗauka kuna zaune a kan sirdi kuna kallon gaba. Gefen da sarƙa take shi ne dama. Gefen da babu sarƙa shi ne hagu. Ku faɗa da baki: sarƙa, dama. Babu sarƙa, hagu. Madalla.

A jikin ƙarfen feda akwai wasu siraran layuka da suke zagaye shi. Su ake kira zare, su ne suke riƙe fedar a cikin raminta. Zaren fedar dama irin na kowane noti ne. Zaren fedar hagu kuwa a juye yake. Da gangan aka yi shi haka, don kada tuƙi ya riƙa kwance ta. Ma'ana, idan kun juya fedar hagu yadda kuka saba kwance noti, ƙara ɗaure ta kuke yi.

Ga hanyar da ba ta ruɗarwa. Ku bar keken tsaye a kan tayoyinsa, kada ku kifa shi. Ku ɗauki sufana mai lamba 15. Ku saka ta a wuyan fedar, hannunta yana kallon sama. Ku tura hannun zuwa tayar baya. Fedar za ta kwance. A dama haka ne, a hagu ma haka ne: hannu sama, tura zuwa baya.

Mu sake. Keke a tsaye. Sufana a wuyan feda. Hannunta sama. Tura zuwa tayar baya. Idan ta ƙi motsi, ku ɗiga mata mai, ku bar ta ta kwana. Feda da ta yi shekara arba'in a wuri ɗaya ba za ta saki don kun yi fushi ba.

Da kun cire, ku duba ƙarshen ƙarfen. Za ku ga harafi. R na dama ne, L na hagu. A keken Faransa D ne dama, G hagu. A na Italiya D dama, S hagu. Wanda bai iya bambance haruffan ba tukuna, ya ɗaura ƙyalle a fedar hagu.

Wajen mayarwa, ku shafa giris a zaren. Ku fara murzawa da yatsu kawai, zuwa tayar gaba. Da yatsu, na ce. Idan ta shiga sumul zagaye uku ko huɗu, sannan ku ɗauki sufana. Idan ta cije tun farko, ku tsaya, ku fitar, ku duba harafin.

Haba jama'a! Kullum sai na ga wani ya ɗauki fedar dama ya dosa ta a ramin hagu, ta ƙi, ya kawo bututu ya ƙara wa sufana tsawo, ya hau kai da ƙafa. Ƙarfen feda ya fi hannun da take shiga tauri, domin sau da yawa hannun na alminiyon ne. Sai zaren ya zubo kamar gari, shi ke nan an kashe kayan da samun irinsa yake da wuya. Wannan ba rashin ƙarfi ba ne, rashin saurare ne. Ku sake faɗa: kwancewa, baya. Ɗaurewa, gaba. Yatsu kafin sufana.

Darasi na 3: Boris da giris

A tsakiyar kowace taya akwai ƙananan ƙwallayen ƙarfe, boris ke nan. Ku shimfiɗa tsumma a ƙasa kafin ku buɗe, don suna gangarewa su ɓata. Ku ƙirga su. Yawanci tara ne a kowane gefe a tayar baya, goma a ta gaba, kuma na baya sun fi girma. Kada ku haɗa su wuri ɗaya. Ku wanke da kananzir, ku shanya, ku sa sabon giris. Ku ɗaure har taya ta daina girgiza amma tana juyawa sakayau.

Ƙarfen da ke ɗauke da sirdi ma a shafa masa giris, in ba haka ba zai manne.

Darasi na 4: Taya

Ku karanta lambar da ke jikin tsohuwar tayar. Idan 630 ne, ku nemi 630. Idan 622 ne, ku nemi 622. Sun yi kama, amma ɗaya ba ta hawa gurbin ɗaya.

Darasi na 5: Birki da sarƙa

Tsohuwar robar birki ta bushe, a canza ta. Wayar birki ma a sa sabuwa. A ɗiga wa sarƙa mai, a goge wanda ya yi yawa. Ku gwada birkin gaba da na baya kafin ku hau titi.