Yadda nake tsara fom ɗin intanet don mutanen Maraɗi

Kafin ka sake shi, gwada fom ɗin a ƙaramar wayar Android mai fasasshen gilashi, ba a kwamfutarka ba. Irinta ce a hannun masu cikewa.

Fara da lambar waya. Ta Nijar alƙaluma 8 ce, sai ka sa +227 ya zauna da kansa a gaba, amma ka bar hanyar canza shi zuwa +234, don masu fatauci Jibiya da Katsina da yawa na riƙe da layin Najeriya. Kuma gurbin ya buɗo allon lambobi, ba na haruffa ba.

Ranar haihuwa ce ta taɓa ba ni kunya. Na yi wa wata ƙungiyar mata fom, ya ƙi wucewa sai an sa rana da wata. Wata dattijuwa ta miƙo mini takardarta, shekara kawai ke kai, ta ce, "Ɗana, lokacin girbin gero dai aka ce." Tun ranar, shekara kaɗai nake tilastawa.

Kada ka nemi lambar gida. Jera unguwanni, Zariya, Mokoyo, Ali Ɗan Sofo, sannan gurbi guda: "Kusa da ina?"

Gurbin suna ya karɓi ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. Kuɗi kuwa rubuta 5000 F, ka ƙara "jika biyar" a gefe, tunda da dala (wato 5 F na sefa) muke lissafi.

In rezo ya yanke, abin da mutum ya rubuta ya jira shi. Wanda ka sa ya sake daga farko ba zai dawo ba.