Yadda na hana tallace-tallace bin sawuna a Firefox

Tallan wani takalmi da na taɓa dubawa ya dinga bina duk shafin da na shiga. Na goge kukis (ƙananan bayanan da shafuka ke ajiyewa a burauzarka don su tuna da kai), na koma tagar sirri, har VPN (manhajar da ke ɓoye adireshinka na intanet) na kunna, amma a banza. Ashe shafuka suna tattara girman allonka, nau'o'in rubutun da ke kwamfutarka, harshenka, yankin agogonka da yadda na'urarka take zana hoto, su haɗa su zama tamkar zanen yatsa da za a gane ka da shi. Da na gwada a Cover Your Tracks, shafin gwajin burauza na EFF, ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet, sai ya nuna burauzata ta fita daban.

Na fara cire ƙananan manhajojin da na jibga mata, don yawansu ma alama ce. A saitin tsare sirri na zaɓi Strict. Sannan na rubuta about:config a wurin adireshi, na amince da gargaɗin, na nemo privacy.resistFingerprinting, saitin da ke daƙile ɗaukar wannan zanen yatsa, na mayar da shi true, wato na kunna shi, na rufe burauzar na sake buɗewa.

Alhamdulillahi, tallan ya daina bina. A lura dai: shafuka za su ɗauka agogonka na UTC ne, wato agogon GMT, don haka a Najeriya da Nijar lokacin saƙonni zai nuna baya da awa 1.