Babi na Shida: Gane Ƙurar Hunturu a Hoton Tauraron Ɗan'adam

Darasi na 1

Iyayena da 'yan'uwana, kowa ya shimfiɗa takardar hoton a gabansa, kada a ɗauki fensir tukuna. Hukumar NASA ta Amurka ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Terra a 1999, ta bi shi da Aqua a 2002, kuma na'urar MODIS da ke jikinsu ce take ɗauko irin wannan hoto daga sama, tana nuna ƙura da hayaƙin da ke yawo cikin iska.

Ku fara neman kibiyar da aka rubuta wa "Arewa". Ku juya takardar har bakin kibiyar ya yi nesa da ƙirjinku, gindinta yana wajenku. Idan ta zauna haka, gabas tana hannunku na dama. Wanda bai gane ba ya sake, babu kunya a neman sani. Sannan ku aza yatsa kan ɗigon Sakkwato, ku ja shi dama har Tafkin Chadi, ku haura sama ta dama. Nan ne kwarin Bodele, tsohon gindin tafki da ya ƙafe, inda iskar arewa maso gabas take kwasar yawancin ƙurar da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris.

Darasi na 2

Kafin komai, ku duba kibiyar. Bakinta nesa da ƙirji, gabas a dama. Abin da ya yi fari fat a hoton gajimare ne, wanda ya yi launin bangon laka ƙura ce, toka-toka kuwa yawanci hayaƙin ƙonar daji ne. Ku sake duba kibiyar. Haba jama'a, kullum sai an samu mai riƙe takarda a juye, ya dage cewa daga Legas ƙurar take tasowa! Wannan gaggawa ce, kuma ba zan ƙara karɓar amsa ba sai na ga kibiya a daidai.

Darasi na 3

Ƙurar tana tare hasken rana, shi ya sa zafi ke raguwa ranar da hazo ya yi kauri. Tana kawo tari da ciwon ido, kuma a irin wannan lokaci na bushewar iska ne sanƙarau yake yawaita. Idan hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ta yi gargaɗin hazo a rediyo, a rufe wa yara hanci.

Darasi na 4

Ku rubuta waɗannan sau biyar a littafinku: ƙura, hazo, gajimare, arewa, gabas.